Wakilin Rani a Ramin Marke

Baffa Hamidu ne ya riƙe ni, kuma zama a hannunsa ba ƙaramin aiki ba ne. Wan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifin nawa, Habu, ban taɓa ganinsa ba, ina ciki ya rasu. Sunana Zaituna, a Bebeji aka haife ni, a ɗakin da ke jingine da rumbun Baffa. Rumbun nan bai taɓa ganin hatsin gonarsa ba, don ba shi da gona.

Na taso na tarar da shi yana tukar igiya yana kaiwa kasuwa. Dogo ne siriri, mai ƙananan idanu, kuma duk garin ba wanda ya kai shi rashin yarda. In ka gaishe shi da fara'a mai yawa, kana juya baya zai tambayi matarsa, Inna Barakatu, me kake nema. In ka ba shi goro sai ya fasa, ya duba ciki da waje, sannan ya jefa a aljihu ya ce sai anjima. Mahauci ya yi masa gyara, sai ya kai naman hanci. Kowace magana aka kawo masa, da “Anya?” yake tarbarta, har aka laƙaba masa suna Hamidu Anya, kuma yana amsawa. Da masu neman aurena suka fara zuwa, sai da ya binciko har kakannin kakanninsu. Na yi kuka, na yi fushi, na ce a raina wannan tsoho so yake in tsufa a gabansa muna tukar igiya tare.

Akwai kuma wata tambaya da ta zame masa jiki. Duk inda za a zaɓi wani, ko shugaban 'yan igiya a kasuwa, ko mai kula da rijiyar unguwa, ko ɗan siyasar da ya zo da mota da lasifika, Baffa zai miƙe ya ce, “Da damina ina za ka kasance?” Mutane su fashe da dariya. Ni ma na yi ta yi, har ranar da Inna Barakatu ta tsawata mini muna sussuka, ta zaunar da ni ta ba ni labarin. Abin da ta rage, Malam Surajo na Ɗansoshiya ya cike mini bayan shekaru. Guntun ƙarshe kuwa daga bakin Baffa da kansa na ji, yana kwance a ciwon da bai tashi ba.

Gonar gadon su Baffa a bakin rafi take, kuma kwazazzabo ne ya cinye ta. Kowace damina sai ya gutsuri wani yanki, har mahaifinsu ya rasu ya bar musu abin da bai kai shimfiɗar tabarmar masallaci ba. Sai su biyu suka kwashi matansu, Baffa da Barakatu, Habu da amaryarsa Tani, mahaifiyata, suka yi kudu. Suka wuce Tudun Wada, suka wuce Doguwa, suka shiga cikin duwatsu inda wani kamfanin Turawa yake haƙar kuza. A lokacin ana ta maganar mulkin kai, amma Turawa ba su tafi ba tukuna.

A barikin leburori mutane iri biyu ne. Akwai 'yan cin rani, manoman Bebeji da Kiru da sauran garuruwa, waɗanda ke zuwa bayan an kai amfani gida, su koma da zarar lokacin shuka ya yi. Su ne mafi yawa, nesa ba kusa ba. Sai kuma mazauna, waɗanda ba su da inda za su koma, irin su Baffa. Su ne ke aikin damina, kuma da damina aka fi matsa wa leburori, don a lokacin ne ake da ruwan wanke kuza isasshe.

Aikin kuwa na rami ne. Wasu na sara da diga, wasu na kwasa da shebur, wasu na ɗaukar ƙasa a kwanon sarki su hau da ita zuwa wata doguwar kwata ta katako, inda ruwa ke tafiya da ƙasa ya bar baƙar kuza. Babban raminsu shi ne Ramin Marke, saboda wani itacen marke da ke tsaye a bakinsa. Bangonsa na gabas ya fi soron bene tsayi, a miƙe sambal, kuzar kuma a gindinsa take. Ba wanda bai san ya kamata a sassare bangon nan hawa-hawa kamar matakala kafin ruwa ya jiƙa shi ba. Masu diga sun sani, matan da ke sayar da fura a bakin rami ma sun sani. Amma sassare bango aiki ne da ba ya fitar da kuza, heluman ramin kuwa, wato shugaban leburori, wani mai suna Lado, kuza kawai yake so ya gani. Baffa da Habu dukansu masu diga ne, a gindin bangon nan suke wuni.

Ana cikin bazara sai ga wani mutumin ƙungiyar ƙwadago daga Jos, da taguwa da wando da jaka a hamata. Ya ce ƙungiya ta yi yarjejeniya da kamfani: kowane bariki zai zaɓi wakili guda, kuma dole manaja ya saurare shi. Bariki ya ɗauki murna. Baffa ya ce, “Anya?”

Nan take sunan mutum ɗaya ya cika bakuna, Malam Surajo. Ɗan cin rani ne daga Ɗansoshiya ta ƙasar Kiru, ya yi karatun allo mai zurfi, shi ke jan salla a bariki, ga baki ga zuciya. An taɓa ganin ya fizge sandar Lado ya jefa a kwata, ranar da Lado ya ɗaga ta zai bugi wani dattijo. Wasu 'yan tsiraru daga mazauna suka kawo sunan Dikko, wani Bafulatani da annoba ta kwashe masa shanu, ya shekara da shekaru a ramin. Dikko ba ya tsoron kowa, amma maganarsa sai an jira ta, in ta fito kuma ba ta da gishiri.

Abin da ya tsaya wa Baffa a rai shi ne fuskar Lado. Ranar da aka ambaci sunan Surajo, Baffa ya dubi Lado yana jiran ya ga ɓacin rai, sai ya ga murmushi. Mutumin da aka jefa wa sanda a ruwa a gaban jama'a! Manaja kuma, wanda ko roƙon ɗanyen ruwa aka kai masa sai ya ja mako, ya amince da ranar zaɓe ba gardama. Baffa ya dawo ɗaki ya kasa cin tuwo.

“Sun saye shi,” ya ce wa Habu.

Habu ya yi dariya. Inna ta ce mahaifina mutum ne mai dariya, wanda in ka ce masa ga zuma a kan dutse zai nemi ƙwarya. Ya ce, “Haba Yaya! Malam Surajo fa? Mutumin da ke ƙara mini karatu kyauta?”

“Kyautar ce ma ban gane ba.”

Sai Baffa ya shiga bincike, kuma Allah ya sani ya yi abin kunya a ciki. Ya riƙa leƙen tukunyar Surajo ko nama ya fara shiga. Ya sa ido a kan rigarsa da takalminsa. Ya tura Inna Barakatu wurin mata masu tuwo ta jiyo ko an ga malamin yana zagayawa bayan ofis. Ta je, ta dawo, ta ce masa ita ba za ta sake ba, don ba abin da aka gani sai mutum da carbinsa. Rashin samun laifin nan ya fi komai ɓata wa Baffa rai. Ya san akwai wani abu, hancinsa na jin warinsa, amma ya rasa inda aka binne shi.

Ranar kasuwar Doguwa ya ga Surajo ya kama hanya shi kaɗai, sai ya bi shi daga nesa, yana cewa yau dai zai gan shi da akawun kamfani a wata rumfa. Surajo ya ratsa 'yan goro, ya ratsa 'yan koli, bai tsaya ko'ina ba sai maƙera. A can ya tsuguna ya zaɓi bakin sungumi, wato ƙarfen doguwar fartanyar da ake sara ramin shuka da ita. Ya gwada kaifin da babban yatsa, ya ɗaga shi ya duba ta rana, ya sa maƙeri ya ƙara masa duka a gefe. Baffa ya ce fuskar da ya gani a wurin bai taɓa ganin ta a bariki ba, ko a kan salla. Fuskar mutum ce da jikinsa kaɗai ke nan, zuciyarsa tana can gida.

A nan ya gane murmushin Lado. Ba wanda ya sayi Surajo, ba a ma bukatar a saye shi. Manomi ne, ruwa zai ɗauke musu shi ba tare da sun ɗaga yatsa ba. Waɗanda za su zaɓe shi ma duk za su tafi, su bar ramin ga waɗanda ƙuri'arsu ba ta kai ta kawo ba.

Aka yi zaɓen wata Lahadi bayan azahar, a filin bariki. Ba akwati ba takarda: ɗan takara zai tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, kowa na ganin kowa. Lado yana zaune a kan wani dutse yana cin rake. Mutumin Jos ya sake bayani, ya ƙara da cewa daga yau manaja ba zai karɓi kuka daga bakin kowa ba sai wakili, don kada a riƙa shiga masa ofis barkatai. Aka yi tafi. Baffa ya miƙe.

“Ina da tambaya. Malam Surajo, da damina ina za ka kasance?”

Surajo ya ce, “A nan, in Allah ya yarda. Ƙanena Khalil yana gida, shi zai yi shukar bana.”

“To sungumin da ka saya a Doguwa fa?”

Surajo ya dube shi, ransa ya ɓaci, don ya gane an bi shi. Ya ce, “Aike zan yi da shi. Malam Hamidu, na rantse da Allah ba zan bar barikin nan ba sai an sassare bangon Ramin Marke.”

Jama'a suka yi kabbara. A wurinmu in mutum ya rantse, musamman malami, magana ta ƙare. Wanda ya ƙara tambaya bayan nan, to ya kira mai rantsuwar maƙaryaci ke nan. Baffa ya san haka sarai, amma bai zauna ba.

“Na ji. To a naɗa masa na'ibi daga cikinmu mazauna. Ai ko liman yana da na'ibi, kuma ba don ana zarginsa ba ne. Mutum yana ciwo, mutum yana tafiya. In ba ya nan, wa manaja zai saurara?”

Sai fili ya kaure. Wani ya ce hassada ce. Wani ya ce Hamidu Anya ko mahaifiyarsa ce ta ce ita ta haife shi sai ya nemi shaidu. Wani dattijo ɗan Kiru ya ce an ci mutuncin malaminsu, in ba a ba da haƙuri ba su za su tashi. Mutumin Jos ya duba agogo, don motar da za ta fitar da shi tana jira, ya ce yarjejeniya wakili ɗaya ta ce, ba ta ambaci na'ibi ba. Ɗan birni ne, ina jin bai taɓa sanin akwai ranar da manomi ba ya jin kiran kowa ba.

Aka yi layi. Na Surajo ya miƙe har ya zagaya bayan rumfunan masu tuwo. Har mazauna da yawa can suka tafi, wasu don kunyar rantsuwar da aka yi, wasu don ba sa so a gan su a gajeren layi. Bayan Dikko mutane kaɗan ne, Baffa a gaba. Ya waiga ya nemi ƙanensa, ya hango shi a dogon layi yana sunkuyar da kai.

Da yamma Habu ya zo ba da haƙuri. Ya ce, “Yaya, mutum ya rantse. Da wane ido zan dube shi gobe in na je ɗaukar karatu?”

Baffa ya ce, “Da idon da za ka dubi bangon nan jibi.”

A yi wa Surajo adalci, ya yi aiki. Washegari ya shiga ofis, kuma bai fito ba sai da manaja ya ce za a sassare bangon da zarar an gama kwashe kuzar da aka riga aka tono. 'Yan cin rani suka fara ɗaure kaya suna tafiya rukuni-rukuni, Surajo yana nan. Ruwa ya sauka a duwatsu, ya sake sauka, marken bakin rami ya yi sabon ganye, Surajo yana nan. Mutane suka samu abin tsokana. Duk inda Baffa ya gifta sai a ce, “Hamidu Anya, ga damina ga wakili!”

Shi kuwa ya ce musu, “Wannan ba ruwansa ba ne. Ruwan duwatsu kullum yana riga na gida. Nasa yana Ɗansoshiya, bai zo ba tukuna.”

Kuzar da aka ce za a gama kwashewa ta ƙi ƙarewa, don Lado kullum sai ya sa a ƙara tono gaba. Surajo ya koma ofis, aka ce gobe, ya sake komawa, aka ce jibi. Baffa ya ce jira suke yi, kuma wannan karon ba wanda ya yi masa dariya sosai.

Sai ga wani mai jaki daga ƙasar Kiru da labari biyu. An yi ruwan shuka a Ɗansoshiya, ruwa mai kyau. Khalil kuma tun kafin azumi ya bi wasu abokai Ikko, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. A gida ba kowa sai mahaifinsu, tsoho mai yanar ido, da mata da ƙananan yara. In damshin nan ya wuce ba a shuka ba, gidan ba shi da abincin shekara.

Surajo ya kwana da labarin. Da asuba ya ja salla, ya juyo ya ce wa jama'a zai je ya dawo cikin 'yan kwanaki, zai yi kaffarar rantsuwarsa, kuma Lado ya yi masa alkawari ba wanda zai taɓa gindin bango sai ya dawo. Ba wanda ya hana shi. Duk 'ya'yan manoma ne, ba mai bakin da zai ce wa mutum ya bar gonar ubansa.

Ko ƙurarsa ba ta kwanta ba Lado ya tura masu diga gindin bango. Dikko ya tafi ofis, akawu ya tare shi a ƙofa ya ce manaja da wakili kawai yake magana, kuma ba kamfani ne ya kawo wannan doka ba, su ne suka yi mata tafi. Wanda ya ƙi sauka rami kuma, a ranar zai bar ɗakin kamfani. A saman bangon, daidai gindin marke, ƙasa ta riga ta tsage, har yatsa yana shiga.

Baffa ya ce zai je ya taho da Surajo ko da a kafaɗa ne. Ya samu Lado ya ce masa an yi masa rasuwa a gida, ƙaryar da ya ce ita kaɗai ya taɓa yi a barikin. Kafin ya tafi ya kama hannun Habu.

“Ka kwanta ka ce zazzaɓi kake yi. Kada ka sauka ramin nan sai na dawo.”

“Yaya, in suka gane fa? Tani ga ciki, ga damina. Ina zan kai ta?”

“Ka dai kwanta. Ba zan daɗe ba.”

“To, Yaya.”

Ya yi tafiyar ƙasa har Tudun Wada, ya samu wata motar itace ta rage masa hanya, ya ƙarasa da ƙafa. Duk hanya yana shirya maganganun da zai gaya wa Surajo, masu zafi, waɗanda ya daɗe yana tarawa. Ya isa Ɗansoshiya da hantsi aka nuna masa gonar.

Abin da ya tarar shi ne Surajo a gaba da sungumi yana sara, tsohon a bayansa yana lalube, yana jefa iri yana rufewa da diddige, rabi a rami rabi a waje. Gona ce babba, ko sulusi ba su yi ba, ƙasa kuma ta fara shan iska ta sama. Baffa ya gaida tsohon, “Baba, sannu da aiki.” Tsohon ya amsa yana haki, ya tambaya ko baƙon ya zo taya su ne.

Surajo ya saurari labarin tsagar bango, ya dafe kai. Ya ce, “Malam Hamidu, ka fi ni gaskiya, na sani. Amma dubi nan. In na tafi yanzu, na kashe gidan nan. Ka karɓi ƙwaryar irin nan daga hannun Baba, mu biyu gobe war haka mun gama, mu kama hanya.”

Baffa ya duba lissafin ya ga haka ne, taya shi ya fi jayayya sauri. Ya karɓi ƙwarya, ya zaunar da tsoho a inuwa. Can suka yi musaya, ya karɓi sungumin. Rabonsa da riƙe shi tun kafin kwazazzabo ya gama da gonarsu.

Wannan shi ne guntun da bai taɓa gaya wa kowa ba sai ni, yana kwance, muryarsa ta kusa ƙarewa. Ya ce, “Zaituna, na ji daɗi. Ƙamshin ƙasar nan ya shiga kaina. Na manta da rami, na manta da Lado. Rabona da jin daɗi irin na ranar tun ina saurayi.” Washegari da azahar suka gama babbar gona, Surajo ya wanke ƙafa ya ce su tafi. Akwai wata 'yar ƙaramar gona ta gefen fadama da ba a taɓa ba, Surajo ya ce a bar ta, mata sa yi abin da za su iya. Baffa ne ya dubi ƙasar, ya dunƙula ta a hannu, ya ce zunubi ne a bar damshi irin wannan. Shi ya ce su ƙara kwana.

Suka ƙara kwana, suka shuka ta, sannan suka kamo hanya.

A Doguwa labari ya tare su, a bakin wata mai fura da ta san su. Jiya da hantsi, bayan ruwan da aka kwana ana yi, bangon gabas ya zubo har da marken. Habu ya kwanta kamar yadda aka ce masa, har ranar da Lado ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar ɗaki ya ce ko rami ko hanya. Habu ya dubi Tani, ya ɗauki digarsa. Dikko da sauran mutane sun tona da shebur, da shebur ya gagara suka sa hannu. Sun fitar da wasu da rai. Mahaifina ba ya cikinsu.

Inna ta ce da Baffa ya iso bai yi kuka ba, bai kuma ce wa kowa ai na faɗa ba, ko da yake duk barikin jira suke ya faɗa. Mutumin Jos ya dawo, aka sake zaɓe. Wannan karon mazauna suka ce ba za su tsaya a layi ba sai an yarda da abu uku: wakili ya zama mai kwana a bariki rani da damina, a naɗa masa na'ibi, kuma in ya kauce waɗanda suka sa shi su iya sauke shi. Aka yarda da duka cikin ɗan lokaci, abin da aka kusa dukan Baffa a kansa. Dikko ya hau, aka sassare abin da ya rage na bangon. Lado kuwa aka mai da shi wani bariki, har yau in na tuna sunansa sai na ji ɗaci a bakina. Baffa bai tsaya ganin ko ɗaya ba. Ya kwaso Inna Barakatu da mahaifiyata ya dawo Bebeji, ya fara tukar igiya.

Na daɗe ina jin haushin Malam Surajo, ban ɓoye ba. Amma na zauna da shi, na ga mutumin da bai sake jan salla a gaban kowa ba har ya mutu, ya ce bakin da ya karya rantsuwa a gaban jama'a ba zai shige musu gaba ba. Haushin ya ragu, bai dai ƙare ba.

Da kakar shekarar, ina jaririya, gidanmu ba ko ƙwayar hatsi, igiya kuma ba ta fara ciyar da kowa ba. Mahaifiyata ta rame, nono ya fara ɗaukewa. Sai ga sallama a ƙofar gida. Surajo ne da jakuna, an labta musu dammunan dawa. Ya ce ta ƙaramar gonar gefen fadama ce, gaba ɗayanta, bai cire ko zangarniya ba, kuma ta fi babbar gonar kyau.

Inna Barakatu ta ce ta tsaya tana jiran ta ji “Anya?” Mutumin da ke fasa goro ya duba cikinsa bai kwance dami ko ɗaya ba, bai tambayi komai ba. Ya ɗauke su da kansa ya zuba a rumbu. Haka Surajo ya riƙa kawowa duk kaka har na yi aure.

Da kunun dawar nan nonon mahaifiyata ya dawo, da tuwonta aka yaye ni, da ita na yi ƙashi da tsoka. Baffa kuwa ko loma ɗaya bai taɓa kaiwa bakinsa ba. Duk ranar da aka tuƙa ta, sai Inna ta dama masa ɗan gero dabam, in babu ya kwana haka. Ina yarinya na ɗauka rashin yardarsa ce ta kullum, har na taɓa tsokanarsa na ce ko yana tsoron an sa masa magani ne a ciki. Ya dube ni, sannan ya tura mini akushin gabana.

Ya ce, “Ci ke dai. Ni na san abin da aka biya.”